Barkar Lauratu a Rediyo

Ranar Lahadi ce bayan la'asar, damina ta yi tsakiya. Malam Jumare na tsugune a zaure, ya kife kekensa yana fama da sarƙa. Rediyonsa na cikin gida a kan turmi. Tun da abin ya faru ya bar wa matarsa Lauratu shi, don shirun gidan ya yi yawa.

Abin da ya faru kuwa haihuwa ce. Shekara shida suna tare ba ko ɓatan wata, sai bana Allah ya kawo. Cikin bai kai ba. Bakwaini ta haifa, namiji, bai ko kwana ba ya koma. Aka binne shi shiru, ba suna, ba zaman makoki. Dangi na kusa kaɗai suka sani, su ma ba sa tayar da zancen. Lauratu ta yi wankanta, ta fara cin abinci, har ta fara fitowa tsakar gida in maƙwabta sun shigo. Ranar ma mata biyu na wurinta, suna taya ta tsinkar zogale.

Aka shiga filin gaishe-gaishe. Jumare na ji sama-sama, sai wani suna ya sa ya ɗaga kai.

"Sai katin Malam Shaba na ma'aikatar ilmi a Sakkwato," in ji mai karantawa, "wanda ya ce a gaishe masa da abokan karatunsa na kwalejin horon malamai, 'yan ajin sittin da bakwai. Yana taya Ndatsu murnar zama laftana a soja. Da Mahmudu, da ya dawo daga kos a Ingila. Da Lukuman, sabon hedimasta. Da Maikuɗi na bakin tashar Kontagora, da ya sayi babbar mota. Sai kuma Malam Jumare, shi ma na Kontagora, da maiɗakinsa Lauratu, yana yi musu barka da ƙaruwa. Allah ya raya. Ya ce a ajiye masa nasa naman suna."

Aka saki kiɗa.

Jumare ya tsaya da sarƙa a hannu. Daga cikin gida bai ji motsin kowa ba. Can matan nan biyu suka fito, suka wuce ta gabansa kai a ƙasa, ko sallama ba su yi ba.

Ya shiga. Lauratu na nan inda take, tiren zogale a cinyarta. Ya kashe rediyon da hannunsa mai baƙin mai.

"Malam," ta ce, ba ta dube shi ba, "ta ina mutumin Sakkwato ya san ina da ciki?"

"Shaba ne. Tun muna makaranta ba shi da hankali."

"Ba hankalinsa na tambaya ba."

Ya san ta ina. Da Babbar Sallah ne, a shagon Maikuɗi, inda 'yan ajinsu ke haɗuwa duk wanda hutu ya kawo gida. Al'adarsu ce a zagaya, kowa ya faɗi inda duniya ta kai shi. Wannan an ƙara masa girma, wancan zai hau jirgi, wancan ya aza harsashin gida. Da aka zo kansa, shi yana nan a makarantar da aka fara tura shi, aji ɗaya, keke ɗaya. Ya ga yadda suka fara kawar da ido don kada ya ji kunya. Sai ya buɗe baki ya ba su abin da yake da shi. A lokacin cikin ko fitowa bai yi ba. Ko Gwaggon da ta raini Lauratu ba ta sani ba tukuna.

Lauratu ta ajiye tiren ta shige ɗaki.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya wuce. Amma rediyo ba gida ɗaya yake shiga ba. Washegari a makaranta wani malami ya tare shi da hannu biyu yana cewa ashe an yi abu ba gayyata. Mai nama ya yi masa barka. Ya riƙa amsawa da haƙora a cije. Kwana kaɗan sai ga Fure, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, tun daga Ibeto, da ƙwaryar gero a ka, da sabulu da kanwa, da kaza a hammata. Tun daga zaure ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiriri! Ina maijego? Ina angon nawa? Mu sai a akwatin rediyo za mu ji, ko?"

Jumare na tsaye a tsakar gida. Fure ta ɗaga labule ta shiga tana dariya. Dariyar ta yanke. Sai salati, sai kuka. Kukan Fure ne, Lauratu ba ta yi ba.

Ranar kasuwar Salka, garin su Lauratu, ya dawo daga makaranta ya tarar da ɗaki a rufe, mabuɗi a ƙarƙashin murfin randa. Maƙwabciya ta ce masa ta bayan zana, ta ga Lauratu ta nufi tasha da ƙunshin kaya.

Bai karya komai ba. Ya zauna a bakin ƙofa har aka kira magariba, yana kiran sunan Shaba a ransa, yana haɗa shi da abin da ba ya faɗuwa.

Ya yi shirin zuwa Kumbashi ya ɗauko Baffansa, don biko aikin manya ne, mahaifinsa kuma ya rasu. Ruwa ya cinye hanya. Yana jiran ta bushe ne aka ce masa Shaba ya sauka a gari, ya zo rangadin makarantu.

A shagon Maikuɗi ya same su, tsakanin buhunan dawa. Landirobar gwamnati na tsaye a waje. Shaba ya ƙara ƙiba, agogo na walƙiya a hannunsa. Shi ne monitan ajinsu a da, har yanzu kuma da sunan suke kiransa. Maikuɗi na tsakiyar ba shi labarin sabuwar motarsa. Shaba na ganin Jumare ya miƙe da hannuwa a buɗe.

"Sarkin Shiru! Angon ƙarni! Ka ji saƙona? Ina namana?"

Jumare ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da buhuna. Kofin shayi ya faɗi.

"Kai! Kai! Jumare!" Maikuɗi ya shiga tsakani. "Sake shi mana! Wallahi bai sani ba. Yanzu nake shirin gaya masa."

"Yanzu kake shiri. Motarka ta riga ɗana."

"Gaya mini me?" in ji Shaba, yana haki.

"Yaron bai tsaya ba, Monita," Maikuɗi ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun farkon damina. Matar kuma ta ji katinka, ta tafi gida."

Shaba ya zame ya zauna a kan buhu. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne." Ya gyara hularsa. Sai kuma fuskarsa ta canza. "To ni wa ya gaya mini? Ina Sakkwato, zan yi duba ne?"

"Wa ya aike ka?"

"Wa ya aike ni? Kai ka faɗa da bakinka, a kan bencin nan. Na ƙirga watanni, har na ƙara kaɗan don kada in yi gaggawa."

"Ka zauna a ofis kana ƙirga cikin matata."

"Haba! Duk shekara ina aika katin nan, duk shekara in rasa abin da zan sa a gaban sunanka. Bara ka ji abin da aka karanta: 'da Malam Jumare.' Shi ke nan. Har Ndatsu ya tambaye ni ko mun ɓata ne. Bana na samu abin faɗa, na yi maka murna, shi ne laifi?"

"Ka kira sunanta. Sunanta, Shaba! Daga nan har Barno kowa ya ji."

"Na Mahmudu ma na kira sunan tasa da ta haihu. Har godiya ya aiko."

"Ta Mahmudu nas ce, a bariki suke. Tawa 'yar Salka ce."

"To kai," Shaba ya juya kan Maikuɗi, "gari ɗaya kuke. Direbanka kullum yana hanyar Sakkwato. Baki ɗaya ya gagare ka?"

"Ni ina ruwana da zancen mata? Wa ke aika labarin ɓari?"

"Ba ɓari ba ne," in ji Jumare. "Ya yi kuka. Na ji shi."

Wani ya leƙo zai sayi dawa, ya ga fuskokinsu, ya koma.

Shaba ne ya fara magana, da muryar da yake tsara layi da ita a makaranta. "To, ya riga ya faru. Ni na ɓata, ni zan gyara. Gobe Asabar, ga mota. Mu je Salka mu uku mu dawo da ita."

"Baffa nake jira."

"Baffa sai yaushe? Sai kaka? Mace in ta daɗe a gida, zuciyarta bushewa take yi. Ni na yi laifin, su gan ni da idonsu. In sun ga mutum ya taso daga hedikwata ya durƙusa musu, ai sai su ji kunya."

"Gaskiya ne," in ji Maikuɗi. "Tsofaffin ƙauye suna ganin girman mota."

Jumare ya san ba haka ake yi ba. Amma gidan ya ishe shi, ya gaji da tuwon kasuwa, ya gaji da kallon ƙofar ɗakinta. Kuma tun suna yara, in Monita ya ce a tashi, tashi ake yi.

Suka isa Salka da hantsi. Shaba ya sa direba ya kai su har ƙofar gidan Gwaggo Turai, ƙanwar mahaifin Lauratu, mai ƙuli-ƙuli. Unguwar ba ta saba ganin motar gwamnati a lungu ba. Kafin su sauka an cika. Wasu na cewa duba-gari ne, wasu na cewa an zo kama wani. Mata na leƙe ta saman zana. Mai unguwa ya iso da sauri yana gyara rawani, yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Maikuɗi da muryar kasuwa. "Ba aikin hukuma ba ne. Biko muka zo. Matar abokinmu ce ta yi yaji."

Jumare ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Maganar ta bi taron daga baki zuwa baki.

Gwaggo ta fito zaure, hannunta duk mai. Ta dubi motar, ta dubi taron, ta dubi su ukun. Ba ta sa a kawo tabarma ba. Suka tsuguna a ƙasa.

"Gwaggo, ina kwana," in ji Jumare.

"Da na kwana lafiya. Na ce wa unguwa yarinya ta zo hutawa ne, jikinta bai gama komawa ba. Yanzu ka zo da mai shela ya gyara mini zance. Ina Baffanka?"

"Hanya ce ta..."

"Su wane ne waɗannan?"

Shaba ya yi gyaran murya. "Iya, sunana Shaba. Ni ne mai kula da tsare-tsaren makarantu na lardin nan, daga Sakkwato. Wannan Maikuɗi ne, ɗan kasuwa, motarsa na zuwa nan ɗaukar hatsi. Da mu da Malam Jumare aji ɗaya muka yi, kwano ɗaya muka ci shekara biyar. Ni na aika gaisuwar nan."

"Au. Kai ne."

"Ni ne, Iya. Da kyakkyawar niyya. Mu 'yan ajinmu haka muke yi, mun warwatsu, ta rediyo muke jin labarin juna. Ban san abin da ya faru ba. Amma na yi tunanin gyara. Ina komawa zan aika wani katin, a faɗa cewa kuskure ne, yaron ya koma, a yi musu ta'aziyya. Na san mai karantawa, ba zai sa shi a layi ba. Daga nan ba wanda zai sake zuwa barka."

Gwaggo ta dube shi kamar ta ga abu a cikin miya.

"Wato wanda bai ji na farko ba, ya ji na biyu."

"A'a, Iya, nufina..."

"Kai ɗan wane gida ne? Uwarka da ta ɗauki cikinka, a akwati aka sanar? Yarinya ta ɓoye abinta ko ni ban sani ba sai da ya yi ƙwari, ashe ƙarti na can bakin tasha suna shan shayi da shi! Ta binne ɗa, ta haɗiye, ta fara tashi, kuka sa mata suka zo mata da guɗa. Yanzu kuma gawar za ka kai musu su yi kiɗa a kai? Wannan karatun naku, a wace shekara ake cire wa mutum kunya?"

"Iya, ki yi haƙuri ki saurare ni..."

"Ban haife ka ba, kada ka ƙara ce mini Iya. Tashi ka fita mini daga zaure, ɗan banza mai bakin ganga!"

Mutanen waje suka ji. Wani ya yi dariya. Shaba ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su faɗi, ga direbansa na tsaye yana ji.

"Haba, Gwaggo," in ji Jumare. "A yi a hankali. Babban ma'aikaci ne fa."

Bai shirya faɗa ba. Maganar fita ta yi da kanta, kamar yadda yake miƙewa in sufeto ya shigo aji. Jiya-jiya ya shaƙe mutumin nan, yau ga shi yana kare masa riga.

Gwaggo ta buɗe baki, amma wata murya ta riga ta daga bayan asabarin ƙofar cikin gida.

"Malam."

Lauratu ce. Ba ta fito ba, ƙafafunta kaɗai yake gani ta ƙasa.

"Na'am."

"Ranar da aka kira sunana a rediyo, ba ka ce haba ba. Ranar da Fure ta yi guɗa a ƙofar ɗakina, kana tsaye, ba ka ce haba ba. Yau an taɓa abokinka, bakinka ya buɗe."

"Lauratu, ba haka nake..."

"Tun da na zo nake ce wa Gwaggo ta bari, in Baffa ya zo zan bi shi. Kayana ma ban kwance ba. Na ce kuskure ne, kowa na yi. Ashe ba kuskure ba ne. Haka kake. In sun taru gobe, ba ka da abin faɗa, ni za ka sake kai musu."

"Wallahi ba zan..."

"Gwaggo, ki ce ya sauwaƙe mini."

Ƙafafun suka juya suka tafi.

"Ka ji da kunnenka," in ji Gwaggo. "Ba ni na sa ta ba. Ku kwashe motarku, kun tare wa awakina hanya."

A waje taron ya buɗe musu. Jumare na tafe bai ganin gabansa sosai. Shaba ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka damu, Sarkin Shiru. Zafin rai ne, za ta huce. Tawa ma ta taɓa yi, har sau biyu. Bari in koma, akwai gurbin hedimasta da za a cike, in ta ji an..."

Jumare ya ture hannun.

Maikuɗi kuwa ya riga ya ja mai unguwa gefe. Ya dawo yana sosa ƙeya. "Monita, tun da bayan motar ba kowa, akwai wasu buhuna biyu na dawa a nan kusa. Ba za mu daɗe ba."

Jumare ya dube shi. Ya dubi Shaba. Shekara biyar na kwalejin, da duk shekarun bayanta, ya rasa abu ɗaya da zai tuna ya ji sanyi.

"Ka ɗora," ya ce. "Ka ɗora huɗu ma. Ga wurina nan."

"Ina za ka?"

"Ku saurara, ku biyun. Duk wanda ya sake kiran sunanta, a rediyo ko a benci ko a mafarki, sai na fasa masa baki. Ku gaya wa laftanan, ku gaya wa na Ingila."

"Jumare, hadari fa ya haɗo. Shigo mota."

Bai juya ba. Ya ratsa ta cikin kasuwa ya nufi tasha. Ruwa ya same shi a can, a bayan wata motar hatsi marar tamfol, ya jiƙa shi har Kontagora.

Da hanya ta bushe, Baffa ya zo daga Kumbashi. Ya ji yadda aka yi, ya daɗe yana kallon Jumare. Ya je Salka shi kaɗai. Ya sake komawa da limamin unguwa. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama musu fura, Lauratu ta fito ta gaishe su har ƙasa. Amma maganarta ba ta canza ba. Baffa ya dawo ya ce masa riƙe mace da ƙarfi ba aure ba ne.

Kafin a gama yankan dawa ya sauwaƙe mata. Ta aiko a ba ta kwanukanta da gadonta. Shi ya kwance gadon, ya jera kwanukan a buhu da ciyawa tsakaninsu don kada su fashe, ya kai su tasha da kansa.